Janareta, wutar KEDCO ko sola: wanne ya fi wa mai sana'a a Kano, wanne ya fi rage hayaƙi?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, lissafin wuta ya shiga sahun lissafin cefane a wurin mai sana'a a Kano. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000 a gidajen mai da dama. Tela a Fagge, mai kemis a Gwammaja, mai aski a Kurna, mai ƙanƙara a Dakata, duk tambayarsu ɗaya ce: a ci gaba da ɗura wa inji mai, ko a dogara da wutar KEDCO, kamfanin rarraba lantarki na Kano, ko a ƙuƙuta a haɗa sola? Akwai hanya ta huɗu da ba kowa ke da damarta ba, wato sola ta haɗaka irin wadda aka yi a kasuwar Sabon Gari.

Ban da kuɗi, zan auna su da hayaƙin da kowacce ke fitarwa. Na san akwai mai cewa ɗumamar yanayi rigimar Turawa ce, su da suka ɓata sama su gyara. Yana da hujja, don abin da Najeriya ke fitarwa na iskar kabon bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na duniya ba. Amma litar man da ke zama hayaƙi ita ce dai litar da ke cinye ribar shago, kuma kafin hayaƙin ya kai sama sai ya fara bi ta ƙirjin yaran shago. Duk wanda ya taɓa ratsa layukan Kantin Kwari da rana tsaka an ɗauke wuta ya san abin da nake nufi.

Mu fara da janareta, tunda shi ne a hannun kowa. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da iskar kabon mai nauyin kilo 2.3, ta dizal kuma wajen kilo 2.7. Nauyin ya fi na man kansa ne saboda sinadarin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar da injin ke zuƙa. Ƙaramin janareta na fetur kan ba da wajen yunit ɗaya da rabi na wuta a kowace lita, kuma idan kayan da aka jona masa ba su da yawa ya fi haka asara, don yana shan mai ko fanka ɗaya yake juyawa. Manyan injinan dizal irin na masana'antun Sharaɗa da Bompai sun fi shi tattali, sukan ba da yunit uku ko fiye kaɗan.

A ɗauki shagon ɗinki mai kekunan wuta uku da fankoki da fitilu, wanda ke shan lita biyar a wuni. A kwana 26 na aiki lita 130 ke nan. In mun ƙaddara lita a naira 900, kuɗin mai kaɗai ya kama 117,000 a wata, ba a sa baƙin mai da fulogi da kuɗin makaniki ba. Hayaƙin kuwa kusan kilo 300 a wata, tan uku da rabi a shekara, daga shago ɗaya. Ga ƙara, ga kuma iskar nan marar wari da ke kashe mutane cikin barci idan aka kunna inji a soro ko kusa da taga. Amfaninsa guda ɗaya ne, amma babba: ba ya jiran izinin kowa. Ka ja igiya ya tashi, ko gwamnati na aiki ko ba ta yi. Abin da ya sa bai bar kasuwa ba ke nan duk da tsadarsa.

Wutar KEDCO ce ke ba mutane mamaki idan aka yi lissafin. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin Band A, wato rukunin layukan da aka fi ba wuta, daga naira sittin da wani abu zuwa 225 a yunit, daga baya ya ɗan sauko ya tsaya kusa da 210. An yi kuka, kuma kukan na da dalili. Sai dai telan nan namu, lita biyar ɗinsa ba ta ba shi fiye da yunit takwas. A farashin Band A yunit takwas bai kai naira 1,700 ba, shi kuwa yana biyan 4,500 a gidan mai. Wutar da ake kira mai tsada ba ta kai rabin kuɗin janareta ba. Ta fuskar hayaƙi ma haka ne. Mafi yawan wutar babban layin ƙasa daga iskar gas take, ragowar daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, don haka yunit ɗaya bai wuce kilo 0.4 na kabon ba, ko kusa da haka. Yunit takwas ɗin nan kilo uku da ɗan kai ne, maimakon sha ɗaya da rabi na janareta. Wato a duk sa'ar da aka kawo wuta aka kashe inji, hayaƙin shagon ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku, ba tare da mai shagon ya sayi sabon abu ko na kwabo ba.

A ganina nan ne zuciyar maganar. Ana yawan zancen sabuwar fasaha mai tsafta kamar ita kaɗai ce mafita, alhali tsohuwar wayar NEPA da ke rataye a kan falwaya tun zamanin iyayenmu za ta iya rage hayaƙin Kano fiye da duk farantan solar da ke kan rufin birnin, in da za a riƙa sako mata wuta. Abin da ya hana ba rashin na'ura ba ne. Tashoshin ƙasar nan an gina su ne don su ba da wajen megawat 13,000, amma abin da ke isowa ga jama'a yana yawo tsakanin 4,000 da 5,000. Kamfanonin samar da wuta na bin bashi, su ma masu ba su gas na bin su, sai injina su zauna babu gas. A daidai lokacin kuma ana ƙone gas a banza a yankin Neja Delta, duk da cewa doka ta sa wa'adin daina hakan tun Janairun 1984. Har yau akwai dokar hana hakan, mai tilasta ta ne babu. Wannan shi ake nufi da ingancin shugabanci a harkar muhalli: a yi doka a bi ta, a biya bashi a kan lokaci, a gyara abin da ya lalace, a hukunta wanda ya saci kuɗin gyaran.

Mu a Arewa mun ɗanɗana wannan a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ake kewayowa da shi ta Binuwai shi ma ya samu matsala, jihohin Arewa da dama suka kwashe kwana da kwanaki cikin duhu. Kano na can ƙarshen igiya, wutarta sai ta ratso ɗaruruwan kilomita kafin ta sauka a Kumbotso. Masu ƙanƙara da masu ruwan leda da masu kifin firji sun san abin da suka yi asara. Duk wanda ya rataya sana'arsa a kan wutar layi kaɗai, ya rataye ta ne a kan tsaron dazuzzukan Neja da Kaduna da kuma amanar ofisoshin da bai taɓa shiga ba.

Sannan ba kowa ne a Band A ba. A ƙa'ida A sa'a 20 ne a wuni, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Ƙa'idar ta kuma ce layin Band A da ya yi kwana bakwai a jere bai cika alkawari ba a sauko da shi. Amma wa ke ƙirgawa? Mai shagon da ba shi da mita, ana kawo masa bil ɗin ƙiyasi, lissafin da na yi a sama bai shafe shi ba, don ba yunit yake biya ba, abin da aka ga dama aka rubuta yake biya. Ga karo-karon gyaran tiransifoma da ake ɗora wa unguwa. Mu ma dai mu faɗi gaskiya, muna da namu kason: jona wuta ta bayan mita da ƙin biyan bil na cikin abin da ke kashe layin.

Jihar na da 'yan abubuwan da za ta nuna. Akwai aikin wutar madatsar Tiga mai megawat 10 da na Challawa mai 6, waɗanda aka kwashe shekaru ana jan su daga gwamnati zuwa gwamnati. Akwai tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023, da mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a Satumban 2019. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita. Idan aka haɗa waɗannan duka ba su kai megawat 35 ba, a birnin da buƙatarsa ɗaruruwa ce. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Mai shago ba zai tsara kasuwancinsa a kan bikin yanke kyalle ba.

Sola ta kanka ita ce hanyar da ta fi fitar da kai daga jiran hukuma, kuma Allah ya hore wa Kano rana fiye da Legas da Fatakwal nesa ba kusa ba. Farantai masu ƙarfin kilowat ɗaya kan ba da yunit huɗu zuwa huɗu da rabi a wuni bayan an cire asarar waya da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar farantan irin ta gida. Telan namu mai buƙatar yunit takwas, farantai huɗu masu wat 550 za su kusa ɗauke masa nauyin. Hayaƙi yayin aiki babu. Gaskiya ne an ƙona makamashi wajen ƙera farantan, mafi yawansu a China, amma cikin shekara ɗaya zuwa biyu suna biyan wannan bashin, sannan su yi aiki shekara ashirin ko fiye.

A ce an yi masa kuɗin haɗi gaba ɗaya naira miliyan biyu da rabi. Wannan misali ne kawai, farashi na bin dala, kowa ya sa nasa adadin. In ya raba da 117,000 da yake kai wa gidan mai, cikin wata 22 kuɗinsa sun dawo. Amma in shagonsa na kan layin Band A mai cika alkawari, kuɗin wutarsa wajen 43,000 ne a wata, sai ya yi kusan shekara biyar kafin ya mayar. Masu tallar sola ba su cika faɗin wannan ba. Sola da janareta take gasa ta kuma kayar da shi. Da wutar layi mai kyau kuwa kokawar ba ta da sauƙi.

Inda mutane ke ƙonewa shi ne batir. Batirin ruwa irin na dalma ya fi araha, amma ba ya shiri da zafin Kano. An ƙera shi ne da lissafin zafi maki 25, kuma duk ƙarin maki goma na rage kusan rabin rayuwarsa. Ka ajiye shi a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, kana kuma zuƙe shi tas kowane dare, da wuya ya ga bazara ta uku. Batirin litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma yana jure caji sau dubbai, don haka a lissafin shekaru shi ne mai araha. Wanda aikinsa na rana ne kawai, kamar tela da mai gyaran waya da mai POS, zai iya taƙaita batir ya zuba kuɗin a farantai. Mai kemis da ke ajiye allura a firji, ko mai gidan kallon ƙwallo da kasuwarsa ta dare ce, ba shi da wannan damar. Mataccen batirin dalma kuma shi ma matsala ce. 'Yan gwangwan na saye, a fasa shi a fili, ruwan ya malale a ƙasa inda yara ke wasa. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Kayan da ake kira masu tsafta ma sai da hukuma mai sa ido suke tsafta har ƙarshe.

Hunturu ma na cin nasa rabo. Hazo na rage hasken, ƙura na kwanciya a kan gilashin, wanda bai wanke farantansa ba sai ya ga wuta ta ragu ya ce an cuce shi. Wani lokacin kuma da gaske an cuce shi, don kasuwa cike take da farantan da aka liƙa musu takardar wat 500 alhali ba su kai ba, da batiran da aka sake wa riga. Aikin hukumar SON mai kula da ingancin kaya ne ta tare su tun daga tashar jiragen ruwa. Tunda suna shigowa, aikin ya dawo kan mai saye: a gwada farantin da mita a gabanka da rana tsaka, a ba ka garanti a rubuce da sunan shago, ka je ka ga aikin da mai haɗawar ya yi shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. Idan ya ce maka, Alhaji wannan zai ɗauki komai da komai, ce masa ya rubuta komai ɗin ɗaya bayan ɗaya. Dutsen guga shi kaɗai yana cin wat dubu ko fiye, ya fi kekunan ɗinkin uku a haɗe. Teloli da yawa kan koma dutsen gawayi don kauce wa wannan, sai dai gawayin bishiya ce aka sare a wani daji, an dai sauya wa hayaƙin gida ne.

Ko a nan hannun gwamnati bai fita ba. Naira da ke wajen 460 a dala kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, sai ta cinye rangwamen da faɗuwar farashin farantai a duniya ya kamata ya kawo mana. Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ga shi kuma mutanenmu da yawa ba sa son bashin ruwa tun asali, sai dai adashi, ko bankin da ke sayo kaya ya sayar maka da riba sananniya, ko kamfanonin biya kaɗan-kaɗan. A 2025 kuma aka ji ministan kimiyya na zancen hana shigo da farantai don a ƙarfafa na gida, alhali na gidan ba su isa ba. Irin wannan furuci kaɗai ya isa ya sa ɗan kasuwa ya ɗaga farashi.

Abin da ya faru a Pakistan ya kamata ya sa mu yi tunani. Wutar layi ta yi tsada ta kuma yi rashin tabbas, sai jama'a suka yi ta kansu, a 2024 kaɗai aka shigo da farantai masu ƙarfin kusan megawat 17,000. Hayaƙi ya ragu, babu musu. Amma masu hali ne suka fice daga layin, nauyin basussukan tashoshi ya koma kan waɗanda ba su da kuɗin ficewa. In manyan masu biyan bil na Nassarawa da Bompai suka fice duka, mutumin Rimin Kebe ne zai ji a jikinsa.

Sola ta haɗaka na tsakanin wutar layi da sola ta kanka. A kasuwar Sabon Gari, wadda gobarar Maris 2016 ta cinye dubban shagunanta, hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ta shigo da kamfani mai zaman kansa a 2018 aka kafa farantai a kan rufin kasuwar, ɗan kasuwa na biyan kuɗin wutar da yake sha ba tare da ya sayi farantai ko batir ba. Ga mai fanka da fitila da cajin waya, wanda kuma shagon haya yake, ban ga abin da ya fi wannan ba. Ba ka fitar da jari, gyara ba naka ba ne, janaretocin da ke cunkushe a lungu da jarkokin mai sun ragu. Rauninta shi ne ta rataya a kan amana ta ɓangare uku: kamfani ya ci gaba da sauya batir bayan shekaru, shugabannin kasuwa su tsaya tsakani da gaskiya, 'yan kasuwa su biya. Ɗaya ya karye, sauran sun bi. Kafin ka shiga, tambayi maƙwabcin da ya daɗe a ciki, ka kuma nemi sanin wa ke da ikon ƙara farashi.

Zancen mayar da janareta mai amfani da gas ba zan daɗe a kansa ba. Gas ɗin girki na rage baƙin hayaƙi da wari sosai, injin ma ya fi daɗewa, amma ragin kabon ɗin kaɗan ne, ribar kuɗi kuma na bin farashin tukunya. Gas mai araha na gaske sai bututun gas na AKK (Ajaokuta-Kaduna-Kano) mai kilomita 614 ya iso Kano, wanda aka ƙaddamar a Yunin 2020 aka kuma sha ɗaga ranar kammala shi.

To wa zai ɗauki me? Mai ƙananan kaya da ke aikin rana, wanda layinsa C ne ko D ko E, ya haɗa sola ko da a hankali ne, farantai da inbata mai kyau tukuna, batir ya biyo baya. Shi ne zai fi kowa ganin riba, shi ne kuma zai fi rage hayaƙi, don kusan duk wutarsa daga fetur take. Wanda ke kan Band A da gaske, ya fara da neman mita da ƙaramin batir da inbata da za su riƙe shi na 'yan sa'o'in da ake ɗaukewa. Sayen cikakkiyar sola a wurinsa ba gaggawa ba ne, sai dai in tsoron irin duhun Oktoban 2024 ne ya sa shi, kuma wannan tsoro ne mai dalili. Kada kowa ya sayar da janaretansa, a rufe shi da buhu a ajiye don ranar hadari da makon hazo.

Mai walda da mai injin niƙa da mai firjin ƙanƙara goma su ne lissafin bai yi wa daɗi ba. Na'urar lantarki mai juya inji na jan wuta ninki uku zuwa bakwai a lokacin tashi, inbatar da za ta jure wannan kuwa kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinsu. Su kam zaɓinsu tsakanin dizal ne da wutar layi, don haka abin da ya fi musu shi ne su duba wurin zama kafin su kama haya: wane layi ne ke ba unguwar wuta, wane rukuni yake, tiransifomar mutum nawa take ɗauka. Masu sana'a ɗaya da ke layi ɗaya su sami littafi su riƙa rubuta sa'ar da aka kawo da sa'ar da aka ɗauke. Da wannan littafin za su fara zuwa ofishin KEDCO na yankinsu, in ba a saurare su ba su wuce ofishin sauraren ƙorafi na NERC da ke Kano, su je a ƙungiyance da sa hannun kowa.